Bayan cire yaro daga lakol: uwa ta koyar, a ɗauko malami, ko gidaje su haɗa kai?

A Yamai, iyayen da ke cire ƙaramin yaro daga lakol ba raina boko suka yi ba. Yawancinsu ma ƴan boko ne, kuma ciwon abin ne ya kai su ga haka. Wani ɗansa ya gama CI da CP, wato aji na farko da na biyu na firamare, bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Wata ƴarta mai sikila ce, ta yi wata guda a aji, ta yi mako biyu a kwance, darasi ya wuce ta. Wani kuma bulala ce ta sa yaronsa ya koma fitsarin kwance, kullum safiya cikinsa na ciwo. Akwai waɗanda tun gobarar unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, wadda ta ci rayukan yara kimanin 20 a azuzuwan zana, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, hankalinsu bai sake kwanciya da ajin bukka ba. Kuma damuwarsu kan karatu tana da tushe: binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, aka kai kusan uku cikin goma, amma har yanzu mafi yawa suna baya.

To an cire yaro. Ranar Litinin da hantsi, ƴan uwansa sun ɗauki jaka sun fita, shi yana tsakar gida. Wa zai zauna da shi?

Kafin a amsa, akwai abu biyu da ba su jiran gobe. Na farko takardu. Ku je wurin darakta ku rabu lafiya, ko da ranku a ɓace yake, ku karɓi takardar shaidar cewa yaron ya yi karatu a nan da takardun sakamakonsa. Sannan ku je ofishin insfekta na yankinku ku faɗi abin da kuka ƙudura, ku tambayi sharuɗɗan mayar da yaro aji daga baya. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ɗauki ilimi a matsayin haƙƙin yaro, saboda haka ba abu ba ne da za a yi a ɓoye kamar ana gudun hukuma. Takardar haihuwa ma a duba ta yanzu, kada sai ranar jarrabawa a shiga neman ta. Na biyu, a kai yaron a duba idonsa da kunnensa. Yara da dama da ake kira daƙiƙai ba sa ganin allon bango ne daga bayan aji, ko ba sa jin muryar madam cikin hayaniya. Idan abin ya kasance babbar matsalar ji ko gani, zaman gida kaɗai ba zai wadatar ba. Akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ da ta makafi ta Soly Abdourahamane nan cikin gari, a nemi shawararsu.

Hanya ta farko ita ce wadda zuciya ke fara kawowa: uwa, ko uba, ko wata yaya da ta yi karatu, ta koyar da kanta. Ƙarfin wannan hanya babba ne, kuma ba na son a raina shi. Ba wanda ya san yaron kamar uwarsa. Ta san lokacin da ya gaji, ta san lokacin da yake ƙaryar gajiya. Yaron da aka tsorata da bulala, wanda ke daskarewa in an ce ya karanta, a gefen uwarsa ne harshensa ke fara sakuwa. Ba a buƙatar yini guda. Ɗan shekara shida ko bakwai da ake koyarwa shi kaɗai, awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun ishe shi, a yanka su gajeru gajeru, minti goma sha biyar ko ashirin, a tashi a sha ruwa, a dawo. A cikin aji mai cunkoso, yaro na iya wuni bai karanta jimla guda da bakinsa ba. A gida kuwa kowace jimla tasa ce. Ga kuma sauƙin lokaci: a bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a yi darasi bayan karin kumallo a gama kafin rana ta take.

Babbar ribar uwa kuwa ita ce harshe. Za ta iya fara koya masa karatu da Hausa, kuma shawarata ke nan ga duk wanda yaronsa ya kasa a CI. Rubutun Hausa kusan abin da ka ji shi kake rubutawa: ba, be, bi, bo, bu, sai baba, sai babu, sai babba. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya riga ya san wannan tafiya, daga babbaƙu zuwa farfaru, wato a fara sanin baƙi sannan a ɗora masa wasali. Da zarar ya gane cewa alamomin nan magana ce da ya sani, ƙofar ta buɗe. Faransanci kuwa yana haɗa wa yaro nauyi biyu lokaci guda, harshen da bai ji da rubutun da bai sani ba, ga sauti guda da ake rubutawa o, ko au, ko eau, ga haruffan da ake rubutawa ba a furta su. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin dokokin ƙasa da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Sai dai a kula lokacin tsallakawa. Harafin u na Hausa shi ne ou a Faransanci, c ɗinmu na cikin ciki da cokali ba haka yake fita a can ba, e ma tana sauya murya. A faɗa wa yaro ƙarara cewa kowane harshe da dokarsa, ba zai rikice ba.

Lissafi ma gida ya fi aji kayan aiki. Ga ƙwallayen dabino, ga murafen kwalba, ga canjin cefane. Amma akwai tarko guda da ya shafe mu: muna ƙirga kuɗi da dala. Yaron ya san dala ashirin, littafi kuma ya ce masa 100 F. In ba a zauna an warware masa cewa kowace dala faran biyar ce ba, zai daɗe yana ganin lissafin lakol daban, na kasuwa daban. In an warware kuwa, ya samu ninkin biyar kyauta. Haka ƙidayar Faransanci daga 70 zuwa 99, inda ake cewa sittin da goma, ashirin sau huɗu, ashirin sau huɗu da goma, tana buƙatar haƙuri na musamman.

Inda wannan hanya ke karyewa ba a ilimin uwa ba ne, a lokacinta ne. Gidan Bahaushe ba ya rufe ƙofa. Baƙuwa ta yi sallama, goyo ya tashi, ana biki a Bukoki, an yi rasuwa a Talaje, mai ruwa ya zo, wuta ta ɗauke. Yau an ce sai gobe, gobe an ce sai jibi, kafin a farga wata ya shuɗe kaye, wato littafin rubutunsa, bai cika shafi biyar ba. Uwar da ke fita aiki ko take da sana'a a gida kada ta yaudari kanta da cewa za ta yi da dare, domin da dare ita ta gaji, yaron ma ya gaji. Sannan akwai fushi. Uwa tana iya jure ɗan wani ya manta harafi sau goma, amma nata in ya manta sau uku sai ranta ya ɓaci, don tsoron makomarsa ke cin ta. In darasi ya koma tsawa, an cire yaro daga inda yake tsoro an kawo tsoron cikin ɗakin kwanansa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ƴa mace. Yarinyar da ke gida da safe, hannu ce da kowa ke gani: riƙe mini ƙanenki, ɗauko mini gawayi, kai wannan gidan Hajiya. Ba wanda ya yi niyyar hana ta karatu, amma a hankali karatun ya zama abin da ake yi in an samu sarari. Duk gidan da ya san ba zai iya kare mata awa biyun nan daga aike ba, to kada ya bi wannan hanya da ita.

Hanya ta biyu, a ɗauko malami a biya shi. Mun saba da wannan a matsayin ƙari bayan an taso daga lakol, amma ya zama shi ne karatun gaba ɗaya, wani abu ne daban. Amfaninsa a fili yake: akwai wanda zai yi sallama a kan lokaci, kuma saboda an biya kuɗi, gida zai girmama lokacin. Yaro yana jin nauyin mushe, wato malami, fiye da yadda yake jin na uwarsa. In iyaye ba su da ƙarfin Faransanci, shi ne zai kawo muryar harshen cikin gida kowace rana.

Amma wane malami? A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana iya zama gwani ga ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ko ɗan kwaleji, sai dai sanin lissafin jami'a ba shi ne sanin yadda ake koya wa ɗan shekara shida riƙe alli ba. Ga shi daga Harobanda zai ƙetaro gada, kuɗin kabu-kabu na kanku, kuma in jarrabawarsa ta matso ba za ku gan shi ba. Malamin da ke riƙe da aji ya san aikin, amma sai yamma yake da sarari, lokacin da shi ya gaji, yaron kuma yana da islamiyya. Wanda na fi so a nema shi ne malami ko malama da suka yi ritaya bayan shekaru a ƙananan azuzuwa, ko wadda ta fito makarantar horon malamai ba ta samu aji ba tukuna. Suna da safiya, kuma sun san tsarin karatun hukuma da littattafan da INDRAP, cibiyar tsara kayan koyarwa ta ƙasa, ke tsarawa. Kafin a yanke kuɗin wata, a zauna a kalli darasi biyu ko uku. In duk abin da ya yi shi ne ya rubuta a allo yaro ya kwafa, ya faɗa yaro ya maimaita, to ajin da kuka gudu ne ya biyo ku har gida, sai dai yanzu da tsada. A kuma yi sharaɗi tun ranar farko cewa babu duka, kuma darasi a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa za a yi, inda babba ke gani. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga yaro da malamin duka.

Raunin da hanyoyin nan biyu suka yi tarayya a kansa shi ne kaɗaici. Darasin CI rabinsa magana ce, yara suna tambayar juna suna amsawa da Faransanci, kuma yaro ɗaya da babba ɗaya ba sa cika wannan. Ga Zabarmanci, wanda yaran Hausawa da yawa a filin wasan lakol suke tsintar sa, kuma duk wanda zai rayu a Yamai yana buƙatarsa. Ga koyon jiran layi, da rashin nasara a gaban tsara, da sasantawa bayan faɗa. Makarantar allo ko islamiyya tana rufe wani ɓangare na wannan giɓi, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa a cire yaro daga can ba don an cire shi daga boko.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda a ganina ta fi dacewa da mafi yawan gidaje: gida uku ko huɗu su haɗa yara huɗu zuwa shida, su ɗauki malami guda, a zaure ko rumfar ɗaya daga cikinsu. Ba baƙon abu ba ne gare mu, makarantar zaure haka take tun kaka da kakanni. Kuɗin da zai yi wa gida ɗaya nauyi, in an raba shi huɗu sai a iya ɗaukar ƙwararre maimakon wanda ya fi araha. Yara suna da abokan magana, suna da ƴar gasa, kuma malami yana iya sauraren kowa ya karanta kowace rana. Yarinya ma ta fita daga gida da jakarta, ba mai aiken ta. Iyaye mata suna iya karɓa-karɓa wajen zama kusa, wata ta ɗauki karatun Hausa, wani uba ya kai su gidan tarihi na Boubou Hama ran Asabar su ga ƙasusuwan dabbobin da da masu sana'ar hannu, ko ɗakin karatu na cibiyar Oumarou Ganda.

Matsalarta ta manya ce, ba ta yara ba. Gida ɗaya zai yi jinkirin biya, wata za ta ga kamar malama ta fi kula da ɗan mai gida, wani zai so a ƙara ɗansa na CE2, aji na huɗu, cikin ƴan CI. Maganin shi ne a yi magana dalla-dalla tun farko, a rubuta: nawa kowa zai bayar, ran nawa ga wata, wa ke riƙe kuɗi, yaya za a yi in wani ya fita tsakiyar shekara. Yaran kuma su kasance kusa da juna a mataki, ba a shekaru kawai ba. A kuma tsaya a kan adadin. Da maƙwabta sun ga ana samun sakamako za su fara kawo nasu, kunya ta hana a ce a'a, shida su zama goma sha biyar. A nan an tashi daga karatun gida an buɗe makarantar kuɗi, ita kuwa sai da izinin ma'aikatar ilimi, kuma ainihin ribar, wato ƙarancin yara, ta tafi.

Wasu za su tambayi karatu ta intanet. Tsarin CNED na Faransa, mai koyarwa daga nesa, yana da azuzuwan firamare, amma manhajar Faransa yake bi ba ta Nijar ba, ana biya, kuma dole babba mai jin Faransanci ya zauna da yaron. Ya dace da iyalin da ke shirin kai yaro waje. Waya kuwa taimako ce ta ƴan mintuna don jin lafazi, ba ta maye gurbin kowa.

Akwai kuma zaɓin da fushi ke hana gani: sauya makaranta, ko ma sauya aji kawai. Wani lokaci matsalar mutum ɗaya ce ba lakol duka ba. Makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda tarihinsu ya faro daga madarasar Say a 1957, suna nan ga wanda damuwarsa tarbiyya da addini ce. Ƙaramar makarantar kuɗi mai yara kaɗan a aji tana iya zuwa daidai da kuɗin malamin gida in an lissafa komai, har da sufuri da littattafai. Gidan da uwa da uba duka ke fita tun safe, babu kuma babba mai karatu a gida, wannan ce hanyarsu, kuma ba gazawa ba ce.

In an tambaye ni yadda zan daidaita dalili da hanya, ga abin da nake gani. Yaron da tsoro ya kama, uwa ta fara da shi, ko da wata biyu ne, kafin wani baƙo ya shigo. Makonni biyu ko uku na farko ma kada a buɗe littafin lakol, a yi tatsuniya, a yi zane, a ƙirga, sannan a gwada shi a hankali: ya san haruffa, yana haɗa gaɓa, yana karanta kalma, yana fahimtar gajeren labari? Daga inda ya tsaya za a fara, ba daga sunan ajin da ya bari ba. Yaro mai ciwon da ke kwantar da shi, malami guda mai sassaucin lokaci ya fi masa, don ƙungiya ba za ta jira shi ba. Yaron da lafiyarsa ƙalau, cunkoso ne kawai ya binne shi, haɗin gidaje ne nasa. Kuma ko wace aka ɗauka, uba ba ɗan kallo ba ne. Shi zai tsaya gaban dangi in sun ce an lalata yaro, shi zai ce wa kaka, Inna, ku yi haƙuri, sai ya gama darasi za a aike shi, kuma ya kamata ko sau biyu a mako ya saurari yaron yana karatu.

Ban ba kowa shawarar ya ɗauki wannan a matsayin rabuwa da lakol har abada ba. Takardar shaida tana da muhimmanci a ƙasar nan, jarrabawar kammala firamare, CFEPD, tana ƙarshen CM2, daga nan kwaleji da jarrabawar kammala ta, BEPC, kuma kowace shekara da yaro ya ƙara a waje, komawar na ƙara wuya. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne yaro na iya cike giɓi da sauri in an koyar da shi da kyau. Azuzuwan gaggawa da ake yi a Nijar da Mali da Burkina Faso domin yara ƴan shekara 8 zuwa 12 da suka rasa makaranta, cikin wata tara suke dunƙule karatun shekarun farko, suna farawa da harshen uwa na wata biyu kafin Faransanci, sannan a mayar da yaran cikin lakol. Saboda haka ku yanka wa kanku wa'adi na shekarar karatu ɗaya, daga Oktoba zuwa Yuni. Kowane aiki a kaye a sa masa kwanan wata, kada a yar da ko guda, domin su ne za ku nuna wa daraktan da zai karɓe shi. Duk lokacin da ƴaƴan maƙwabta suka yi jarrabawar zango, ku aro tambayoyin ku ba naku, a hannun wanda ba shi ke koyar da shi ba. Idan Fabrairu ta yi yaron da aka fara da shi a Oktoba bai fara haɗa gaɓoɓin Hausa ba, kada a jira Yuni: a sauya malami, ko a sauya hanya, ko a koma wurin likita. Idan kuwa yana karanta gajeren labari ya ba ku shi da bakinsa, yana tarawa da ɗebewa ba tare da kuka ba, to tun watan Mayu ku fara zagaya makarantun unguwa, ku nemi a bar ku ku leƙa ajin da zai shiga ana cikin darasi, ku ƙirga kawunan da ke ciki da idonku kafin ku rubuta sunansa.